Hasken Nesa da Ƙurar Ido

A ƙarshen watan Oktoba, bayan damina ta ɗauke ƙafa, kafin hunturu ya sauko da hazonsa, akan sami 'yan makonni da sararin sama yakan wanke tas a ƙasar Katsina. Gero ya shiga rumbu, dawa na tsaye tana jiran girbi, ruwan sama ya kwantar da ƙura, iska kuma ba ta tashe ta ba tukuna. A irin wannan lokaci ne, shekaru kaɗan kafin hare-haren 'yan bindiga su hana mutane zama a waje da dare, na kwana a Bugaje, cikin Ƙaramar Hukumar Jibiya, a gidan wani dattijo Musulmi wanda aikin koyarwa ya haɗa mu. Na je da kyamara ta aro da mazauninta mai ƙafa uku. Niyyata guda ce, in ɗauki hoton gungun taurarin nan da masana ke kira Andromeda. A cikin birnin Katsina hakan ba ya yiwuwa yadda ake so, domin hasken fitilu yakan dushe sama. Mai wannan sha'awa duhu yake nema, shi ya sa na zaɓi ƙauye, na kuma zaɓi daren da babu farin wata.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san Kaza da 'ya'yanta, wadda takan ɓullo daga gabas da almuru a wannan lokaci na shekara. Andromeda ba ta kai ta fitowa fili ba. Wajen ƙarfe goma na dare, idan mutum ya fuskanci arewa ya ɗaga kansa sosai, ya kuma bar idonsa ya saba da duhu na kamar rabin sa'a, zai ga wani ɗan tabo fari-fari kamar hayaƙin da bai gama bajewa ba. Masanin taurarin nan na ƙasar Farisa, Abdurrahman al-Sufi, ya rubuta labarinsa tun a shekara ta 964, ya kwatanta shi da ƙaramin gajimare. Yau mun san cewa wannan tabo tarin ɗaruruwan biliyoyin taurari ne. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, yakan iso mu daga rana cikin kimanin minti 8, amma masana sun ƙiyasta cewa yana bukatar shekaru kusan miliyan biyu da rabi kafin ya iso mu daga Andromeda.

Muka fita bayan gari ni da mai masaukina, muka kafa kyamara a gefen gona. Na buɗe ta na daƙiƙa 2, na duba abin da ta ɗauko. Baƙi ne mai ɗige-ɗige kamar talabijin da ba ta kama tasha ba, a tsakiya kuma ga wani ɗan digon toka. Dattijo ya sunkuya ya duba, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai idona ma ya fi wannan gani. Don wannan ka baro Katsina?" Ban iya ba shi amsa ba, domin gaskiya ya faɗa. Da a kan wannan hoto guda za a yanke wa Andromeda hukunci, da sai a ce babu komai a wurin.

Muna cikin haka sai muka ji takun ƙafa daga wajen daji. Gabana ya faɗi. Wani saurayi ne Bafulatani, sandarsa a kafaɗa, ya hango jar fitilar da nake haska maɓallan kyamara da ita, ya zo ya ga abin da ake yi. Ya yi sallama, ya rusuna ya gaida dattijo, sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, "Baba, me kuke nema a sama?" Na nuna masa wurin da yatsa. Bai ɗauki lokaci ba ya ce ya gani, ya kuma ce ya daɗe da sanin wannan tabo, yana ganinsa idan yana kwana wajen shanu, sai dai bai taɓa zaton wani zai yi tafiya dominsa ba. Ya zauna tare da mu. Da yake duniya tana juyawa, taurari sukan gusa daga inda aka saita kyamara, dole a riƙa gyara ta bayan kowane ɗan lokaci, shi ne ya riƙa riƙe mini fitila ina gyarawa. Da sanyi ya fara shiga sai ya yi mana sallama ya koma wajen dabbobinsa. Ban tambayi sunansa ba. Ban kuma sani ba ko na wannan gefen iyaka ne ko na wajen Maraɗi, domin a wannan yanki dangi ɗaya sukan zauna rabi a Nijeriya rabi a Nijar.

A daren na ɗauki hotuna 400, kowanne na daƙiƙa 2, jimla minti 13 da 'yan daƙiƙu na haske. Da na koma gida na zuba su cikin kwamfuta, wata manhaja ta kyauta mai suna DeepSkyStacker ta jera su bisa juna, tauraro a kan tauraro, ta haɗa su suka zama hoto guda. Abin da ya fito ya sa na yi shiru na ɗan lokaci. Digon tokar nan ya zama doguwar ƙwarya mai haske a tsakiya, da baƙaƙen ratsi na ƙura kewaye da ita, da wasu ƙananan gungu biyu a kusa da ita. Duk wannan yana cikin kowane ɗaya daga hotuna 400 ɗin, amma a kowanne ya yi rauni ƙwarai har ɗige-ɗige suka rufe shi.

Ga dalilin da ya sa haɗawar ke aiki. Ɗige-ɗigen nan ba su da mazauni: a wannan hoto suna nan, a na gaba suna can. Hasken Andromeda kuwa yana wuri guda a kowane hoto. Idan aka tara hotuna da yawa, abin da ke yawo yakan kashe juna, abin da ke tsaye yakan ƙaru. Amma ribar ba ta zuwa da gaggawa. Hotuna 4 sukan ninka tsabtar hoto sau 2 kawai, hotuna 100 sau 10, hotuna 400 sau 20. Wanda yake so ya ninka abin da ya samu sau biyu sai ya ninka wahalarsa sau huɗu. Idon mutum ba ya iya wannan tari, abin da ya shige shi a ƙiftawa guda shi yake gani, ya zubar, ya karɓi sabo. Shi ya sa tun farkon wannan sana'a masu haƙuri ne suka ci ribarta, da yawansu kuma ba ita ce hanyar abincinsu ba. Henry Draper, likita ne a Amurka, shi ya fara ɗaukar hoton hazon taurarin Orion a 1880, ya bar kyamararsa buɗe minti 51. Isaac Roberts ɗan kwangilar gine-gine ne a Birtaniya, a 1888 ya tara hasken Andromeda na sa'a 4 a kusa da birnin Liverpool, hotonsa kuma ya nuna wa duniya cewa tabon nan a murɗe yake kamar gammo.

Ya ɗan'uwa mai karatu, ba don in koya maka ɗaukar hoto na kawo wannan labari ba. Tambayar da nake so mu yi tunani a kanta ita ce: haske nawa ya kamata mutum ya tara kafin ya ce ya san maƙwabcinsa, har ya yanke masa hukunci a zuciyarsa?

Wannan tambaya ta zame mini mai nauyi saboda abin da ya biyo baya. Shekarun da suka zo bayan wancan dare sun yi wa ƙasar Jibiya tsanani. An kashe mutane, an sace wasu don kuɗin fansa, an kore shanu, gonaki da yawa sun kwana ba noma, iyalai sun bar ƙauyukansu. A watan Agustan 2019 aka rufe kan iyaka, ciniki tsakanin Jibiya da Maraɗi ya durƙushe, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya, don a toshe hanyar sadarwa tsakanin 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Inda aka san akwai masu kai rahoto kuwa, kowa yakan fara kallon kowa. Baƙo ya zama abin zargi, mai sanda ya zama abin tsoro, mutumin tsallake ya zama abin tuhuma.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, muna tsaye a harabar majami'a ana labarin wani hari, sai wani ɗan'uwa ya ce da ɗacin rai, "Dukansu ɗaya ne, babu na kirki a cikinsu." Na gyaɗa kai. Ban yi magana ba, amma na gyaɗa kai, zuciyata kuma ta yarda. Sai da dare, ina neman wani abu a kwamfuta, na ci karo da hoton Andromeda, na tuna wanda ya riƙe mini fitila. Cikin "dukansu" ɗin nan da na amince da shi da safe, har da shi. Na yanke masa hukuncin kisan kai da sata ba tare da na san ko sunansa ba. Kunya ta kama ni a gaban Allah.

Tun daga ranar nake ganin cewa masu ɗaukar hoton taurari suna bin wasu ƙa'idodi na gaskiya waɗanda mu masu bi muka sani a baki, amma mukan yi sakaci da su a aikace.

Ƙa'ida ta farko ita ce wadda na riga na bayyana: ba a hukunci da hoto guda. Mutum yakan yi maka magana mai zafi ranar da ɗansa ba shi da lafiya. Yakan wuce ka ba gaisuwa ranar da bashi ya sha masa kai. Waɗannan ɗige-ɗige ne, yau suna nan gobe babu. Halinsa na ainihi shi ne abin da ke dawowa wuri guda shekara da shekaru. Alheri sau da yawa haske ne mai rauni, ba ya ihu, sai an daɗe ana tarawa yake bayyana. Mugunta kuwa kamar fitilar mota take idan ta gitta gaban kyamara, hoto ɗaya takan cika shi fal. Mun kuma ƙara wa kanmu wani kuskure wanda babu mai ɗaukar hoto da zai yi shi: mukan ɗauki hotunan mutane dabam-dabam mu jera su bisa juna, mu ce mun sami fuskar ƙabila. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, amma su ne kuma suka ce kama da wane ba ta wane. Idan manhaja ta jera hoton wani yanki na sama bisa na wani yanki dabam, abin da zai fito ba ya nan a ko'ina cikin halittar Allah.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ta fi taɓa ni. Bayan an gama ɗaukar sama, kafin a naɗe kaya, mai hoto yakan rufe bakin kyamara da murfinta, ya sake ɗaukar hotuna ashirin ko talatin na duhu zalla, da tsawon lokaci iri ɗaya, cikin sanyin dare iri ɗaya. A daren Bugaje da saurayin nan ya ga ina haka, dariya ya yi ya ce, "Baba, ka manta ba ka buɗe ba." Ban manta ba. Farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara yana da ɗumi nasa, wannan ɗumi kuma yakan haifar da ɗigo masu haske ja da shuɗi ko da babu hasken da ya shigo daga waje. Waɗannan ɗigo sun fi sauran haɗari, domin ba sa yawo. Suna wuri guda a kowane hoto, don haka tari ba lallai ya kashe su ba, suna iya fitowa kamar taurari ko su ja ratsi a kan hoton. Hanyar maganinsu ita ce a rufe ƙofa, a ɗauki hoton aibin kyamarar ita kanta, sa'an nan a debe shi daga hoton sama. Da gari ya waye kuma akan shimfiɗa farin ƙyalle a bakin gilashin, a fuskanci sama, a ɗauki wasu hotunan. Su ne ke nuna inda ƙura ta zauna a cikin kyamara, don kada a ɗauki inuwarta a ce wani abu ne a sararin sama. A ƙasa mai ƙura irin tamu, wanda ya tsallake wannan mataki zai ɗora wa taurari dattin jakarsa.

Zuciyar mutum ma tana da ɗumi nata. Wanda aka taɓa zalunta yana ɗauke da zafi, zafin nan kuma yakan zana masa mugunta a fuskar da babu ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Akwai kuma ƙurar da ta zauna mana tun muna yara: abin da muka ji manya suna faɗa game da Fulani, ko game da Hausawa, ko Musulmi, ko Kirista, ko mutanen Nijar, da saƙonnin da ake turo mana a waya waɗanda ba mu san mafarinsu ba. Irin wannan aibi ba ya gushewa don an daɗe ana kallo. Mai ƙiyayya yana iya zama da maƙwabcinsa shekara ashirin, kowace shekara kuma ta ƙara tabbatar masa da abin da ya zo da shi, domin tabon yana cikin idonsa, duk inda ya juya yana nan. Ubangijinmu Yesu ya yi wannan gargaɗi da misalin gungume da ɗan haki, ya kuma jera aikin bi da bi: mai gyara ya fara da idonsa, sa'an nan zai ga na ɗan'uwansa sosai. Kakanninmu ma sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Addu'ar da mutum yake yi shi kaɗai a ɗaka, ƙofa a rufe, wani sashe nata ke nan: ya daina kallon kowa, ya bar Ruhu Mai Tsarki ya nuna masa abin da zuciyarsa ke haifarwa da kanta sa'ad da babu wanda ya tsokane ta. Wanda bai taɓa ɗaukar wannan hoton duhu ba, bai san ko nawa ne nasa cikin abin da yake zargin mutane da shi ba.

Ƙa'ida ta uku ita ce, duk hasken da ya iso ka tsoho ne. Kaza da 'ya'yanta da muke gani yau, haskenta ya baro ta fiye da shekaru 400 da suka wuce. Mai hoto ya san cewa labarin jiya yake ɗauka. Mu kuwa mukan riƙe abin da mutum ya yi shekara goma baya, mu ce shi ke nan shi. Mukan ce hali zanen dutse ne. Akwai gaskiya cikin karin maganar, amma bangaskiyarmu ta tsaya a kan cewa Allah yana sāke mutum. Hananiya na Dimashƙu yana riƙe da labarin Shawulu mai tsananta wa ikkilisiya, labarin kuma gaskiya ne, sai dai ya tsufa da kwana uku. Wannan ƙa'ida tana yanka ta kowane gefe. Saurayin da ya riƙe mini fitila, hasken wancan dare kaɗai nake da shi game da shi. Ban san abin da shekarun wahala suka mai da shi ba. Mai yiwuwa an kwashe shanunsa, mai yiwuwa ya gudu, mai yiwuwa ya faɗa hannun miyagu, mai yiwuwa yana nan yana kiwo. Ba ni da ikon in ce shi mugu ne, ba ni kuma da ikon in rantse cewa shi waliyyi ne. Abin da ya wajaba a kaina shi ne in faɗi iyakar abin da na gani, in yi masa addu'a, in bar sauran ga Wanda yake ganin yau ɗinsa.

Na san abin da wani zai ce, yana kuma da hakkin faɗa. Zai ce, "Malam, kai kana da lokacin tara hotuna 400. Matar da ta ji ƙarar babura tsakar dare ba ta da shi. Wanda ya binne ɗansa, kana so ya zauna yana auna ƙurar idonsa?" Wannan magana ce mai nauyi, ba zan kuma yi kamar ina da amsar da za ta share hawayen kowa ba. Amma ina ganin akwai bambanci tsakanin taka-tsantsan da hukunci. Taka-tsantsan aikin daƙiƙa guda ne, kuma halal ne. In ka ji motsi da dare, kulle ƙofarka. In hanya ba ta da kyau, kada ka bi ta. In ka ga abin da ya saɓa, sanar da hukuma. Ubangiji da kansa ya haɗa wa almajiransa maciji da kurciya cikin umarni guda. Gabana da ya faɗi a gefen gonar nan ba zunubi ba ne. Hukunci kuwa shi ne abin da kake ajiyewa a zuciya bayan haɗari ya wuce, abin da kake faɗa a harabar majami'a, abin da kake koya wa 'ya'yanka, abin da kake turawa a waya, abin da kake yi sa'ad da taro ya kama wani baƙo a kasuwa ana ihu a kansa. A nan ne ake da lokaci, a nan ne kuma Allah zai tambaye mu me muka yi da shi.

Kada kuma a ɗauka cewa tara haske yana nufin wanke mai laifi. Tari ba ya ƙawata komai, abin da ke tsaye yake fitarwa. Baƙaƙen ratsin ƙurar da ke jikin Andromeda ba su bayyana a hoto guda ba, tarin ne ya fito da su. Haka mutumin da ya mai da zalunci sana'a, haƙurin bincike shi zai tabbatar da laifinsa har a hukunta shi bisa gaskiya, a kuma bar marar laifi ya tafi gida. Gaggawa kuwa sau da yawa mai laifi take taimako, domin idan aka huce haushi a kan wanda aka samu a kusa, wanda ya aikata yana can yana shirin komowa, ya kuma sami sababbin mabiya daga dangin wanda aka zalunta.

Akwai jarabar da ke jiran mai hoto a mataki na ƙarshe. Bayan tari, sai ya ja hasken a kwamfuta don abin da ke ɓoye ya fito. Wannan daidai ne. Amma da hannu ɗaya zai iya ƙara launin da babu shi, ya goge tauraron da ya tsone masa ido, ya zana abin da yake so a gani. Masu mutunci cikin wannan sha'awa sukan rubuta a ƙarƙashin hoto yawan sa'o'in da suka tara da abin da suka yi masa, don wani ya iya gwadawa. A 2023 wasu masu sha'awa uku daga Jamus da Faransa, Marcel Drechsler da Xavier Strottner da Yann Sainty, suka sanar da ganin wani babban baka na iskar gas kusa da Andromeda, wanda manyan cibiyoyi ba su lura da shi ba duk da shekarun da aka yi ana ɗaukar wannan wuri. Sun tara haske na fiye da sa'a 100, amma ba su tsaya a kan nasu kaɗai ba, sai da aka tabbatar da shi da wasu na'urori a wasu wurare, don kada ya zama aibin kayan aikinsu ne. Shari'ar Musa ma ba ta yarda a tabbatar da laifi a bakin mutum ɗaya ba. Mu nawa ne muke neman mashaidi na biyu kafin mu ba da labarin maƙwabci? Mu nawa ne muke ba da shi ba tare da mun ƙara masa launi ba?

Wanda ya yi kuskure kuma, ƙofar gyara a buɗe take. A watan Oktoban 1923, Edwin Hubble yana duba hoton Andromeda da ya ɗauka da babban madubin hangen nesa na Dutsen Wilson a Amurka, ya ga wani ɗigo ya yi masa alamar sabon tauraro mai fashewa. Da ya koma ya gwada shi da tsofaffin hotuna, sai ya gane ya yi kuskure: tauraro ne mai ƙaruwa da raguwa bisa ƙa'ida, irin waɗanda Henrietta Leavitt ta nuna a 1912 cewa ana iya auna nisa da su. Ya soke alamarsa ta farko da jan alƙalami a jikin gilashin hoton, ya rubuta sabuwa. Daga wannan gyara ne aka tabbatar cewa Andromeda tana can nesa, waje da namu gungun taurari, halittar Allah kuma ta fi yadda ake zato faɗi nesa ba kusa ba. Gilashin yana nan har yau da sokewar a jikinsa. Ni ma Lahadin da ta biyo baya na nemi ɗan'uwan nan, na ce masa na gyaɗa kai ga maganar da ban yarda da ita ba, na ba shi labarin saurayin da fitila. Bai ce na yi daidai ba. Ya ce ni ban rasa kowa ba, shi kuwa ya rasa. Na yi shiru, domin gaskiya ne. Muka yi addu'a tare, muka rabu kowa da nauyinsa. Har yanzu muna gaisawa, har yanzu kuma ina tara nasa hasken, kamar yadda nake fata yana tara nawa.

A Betsaida an kawo wa Yesu wani makaho. Da ya taɓa shi karo na farko, mutumin ya fara gani, amma mutane suka zame masa kamar itatuwa masu tafiya. Bai yi gardama cewa ya riga ya warke ba, ya faɗi iyakar abin da yake gani, ya tsaya har Ubangiji ya sake ɗora masa hannu. Da yawanmu a nan muke, tsakanin taɓawa ta farko da ta biyu. Muna ganin siffofi suna wucewa, wannan mai sanda, wancan mai rawani, wannan na tsallake, ba mu kai ga ganin mutum ba tukuna. Wanda ya yanke hukunci a wannan hali, a kan itace ya yanke, amma mutum ne zai ji zafin.

Ban sake kafa kyamara a bayan garin Bugaje ba. Ina roƙon Allah ya kawo ranar da mutanen wannan yanki za su shimfiɗa tabarma a waje da dare ba tare da fargaba ba, manomi da makiyayi, na wannan gefe da na wancan. Kafin ranar ta zo, akwai aikin da ba ya jiran zaman lafiya, kowannenmu kuma zai iya fara shi yau da dare a ɗakinsa. Ka tuna mutum ɗaya, ko jama'a ɗaya, da ka riga ka rufe littafinsu a zuciyarka. Ka tambayi kanka hoto nawa ka tara, nawa ne cikinsu ka gani da idonka, yaushe ne hasken ya baro su, nawa ne kuma daga zafinka da ƙurarka.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, Mahaliccin taurarin da muke gani da waɗanda ba mu gani, kai kaɗai ne kake ganin mutum gaba ɗayansa. Ka nuna mana abin da zukatanmu ke haifarwa cikin duhu, ka debe shi daga kallon da muke yi wa maƙwabtanmu. Ka ta'azantar da waɗanda suka yi rashi a Jibiya da kewayenta, ka komo da waɗanda aka sace, ka juyo da masu aikata mugunta, ka ba hukuma ikon yin adalci. Ka tsare saurayin nan duk inda yake. Ka sake ɗora hannunka a idanunmu, domin mu ga mutane sosai. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.